Mai Riƙe da Littafi a Mai Wurno

Ni ne mai riƙe da littafin asibitin Mai Wurno,
teburina ƙafa uku, tubali ya cike ta huɗu.
Duk ƙarshen wata nakan zauna da biro da rula,
in jera mutanen gari layi-layi,
in aika da su Sinnar a cikin ambulan.

Shafin farko na haihuwa ne.
Na biyu na waɗanda ba su ga shekara biyar ba.
A raba wannan da wancan, a ninka da dubu,
abin da ya fito shi ake kira ma'auni.
Ma'auni ba ya zazzaɓi,
ba a shimfiɗa tabarma don a yi masa gaisuwa.

Da hantsi Barira ungozoma kan naɗa tsiri a damtsen yaro,
tsiri mai launi uku.
Kore, ku tafi gida.
Rawaya, ku dawo Talata.
Ja, sai uwa ta kwance bakin zane ta ƙirga abin da ke ciki.
Ni kuwa in ja sanda ɗaya a gurbinsa,
huɗu a tsaye, ta biyar ta gitta su,
kamar dangar kara.

Akwai gurbin kuɗin aljihu,
abin da gida ya kashe da kansa wajen jinya.
Malam Tanimu mai kwalekwale ya zo da takardar magani,
ya ce, rubuta akuya biyu da komar kamun kifi.
Na ce gurbin nan fam yake ci, ba ya cin akuya.
Ya ce, to rubuta kuɗin da suka yi
ranar da duk kasuwa ta san matata na kwance.
Na rubuta.

Daga nan a tara kuɗin duka, a raba bisa kawuna.
Alhaji Babikir da ke zuwa Madani a duba masa ido
da Hajjo da ke jiƙa maɗaci ta sha ta lulluɓa
sai su zama mutum ɗaya, wai shi matsakaici.
Shekara goma sha ɗaya ina nan,
ban taɓa ganinsa a layin allura ba.

Bana, da damina ta ɗauke, sauro ya lafa,
jami'i ya zo a farar mota, ya buɗe littafin,
ya ce madalla, daga sittin a cikin dubu
an sauko hamsin da huɗu.
Aka kawo gahawa mai citta, aka tafa.
Ni ma na tafa, don gaskiya ne, ba ƙarya na rubuta ba.

Bayan la'asar Tabawa maƙwabciyata ta shigo,
ta ce, nuna min inda Usainina yake.
Na buɗe shafi na biyu, na ɗora yatsa.
Ta daɗe tana kallon sandar nan.
Ta ce, ka ja shi a karkace,
shi kuwa miƙaƙƙe ne, kamar ubansa.
Na ɗauko rula, na sake jansa a gabanta.

Hamsin da huɗun nan na san ƙofar gidajensu.
Shidan da suka tsira ne ban sani ba.
Littafi ba ya rubuta wanda aka fasa haƙa wa kabari.
Na sauka bakin Nilu kafin magariba,
yara na ta tsalle daga kwalekwalen Malam Tanimu,
wanda yau babu koma a cikinsa.
Na fara ƙirga su, ɗaya, biyu, uku,
wani ya nutse, ya ɓullo can gaba yana dariya,
lissafin ya ruɗe mini.
Na bar shi a ruɗe, na tafi alwala.